Tozon Malam Jibo

Ku da kuke zaune a inuwar rumfata kuna danna waya, kuna cewa wai pawa ba komai ba ce sai wuƙa da ƙarfin hali, ku matso kusa. Jiya na ji ɗayanku yana cika baki, wai da zai samu jari, sati biyu sun ishe shi ya ƙwace min kasuwa. Allah ya ba shi jarin. Ni dai Sani mahauci na haura shekara arba'in ina wannan sana'a a garin Gaya, kuma bara-baran nan wata yarinya da aka haifa a gabana ta nuna min inda zan sa wuƙa.

Ku fara duba wannan wuƙar. Ranar da na saye ta faɗinta ya kai yatsa uku, yanzu wasi ya cinye ta, da ƙyar ta kai ɗaya da rabi. Ta fiɗa ce, shi ya sa bakinta ya lanƙwashe, don kada ta huda fata. Ta yanka daban take, tana cikin kube, ba a taɓa ta da wani aiki. Ga barho na sara, ga gatari na ƙashi, ga dutsen wasi da na gada wajen maigidana. Kowacce da ranarta da aikinta, kuma wanda ya ɗauki ta yanka ya sari ƙashi da ita a rumfata, ranar zai san ina da baki.

Maigidan nawa Baba Ɗandada ake ce masa, Allah ya jiƙansa. Damina biyu na yi a hannunsa ban taɓa nama ba, sai wankin tumbi da hanji a bayan kwata, inda ake yanka. In na kawo masa, sai ya kai hanci ya shinshina, ya mayar min. Wata rana na yi ƙarfin hali na ce, "Baba, yaushe zan fara fiɗa?" Ya ce, "Ranar da ka daina tambaya."

Ba na manta ranar da ya fara tafiya da ni kara, kasuwar shanu. Ya nuna min wani jan sa, cikinsa ya yi tim, fatarsa na sheƙi, ya ce, "Yaya ka gan shi?" Na ce, "Baba, wannan ai kitse ne ke tafiya da ƙafa huɗu." Ya dungure min kai. Ashe tun asuba aka ba san kanwa, ya yi ta shan ruwa har ya kumbura. Sai ya kama hannuna ya ɗora a gindin wutsiyarsa, ya ce in matsa. Ya mayar da shi kan haƙarƙari, ya gangara da shi ƙirji. Ƙashi na ji, ba komai a kansa. Ya ce, "Ido ana yi masa wayo. Hannu ba a yi masa." Daga ranar na riƙe wannan magana kamar karatu, kuma hannun bai taɓa ba ni kunya a kan dabba ba. Har ta kai dillalai in sun hango ni sai su janye wanda suka yi wa dabara. To, yabo yana shiga kai, ni ma ya shiga nawa.

Masu saye kuma wani karatun ne daban. Mijin mai jego ƙafa yake so da kayan ciki, amma kunya ba za ta bar shi ya faɗa ba, kai za ka gane. Tsohon da haƙora suka yi wa tawaye, ka miƙa masa hanta kada ka tambaye shi dalili. Sabon ango ba naman ne ya dame shi ba, so yake a ga girman ƙunshin. Akwai mai zuwa da faɗa, in ba ka tanka masa ba sai ya ga ka raina shi.

Sai kuma maganar tozo. Sa ɗaya, tozo ɗaya, wannan ƙullutun da ke bayan wuyansa, tsoka da kitse a saƙe da juna. A gidan pawar da na tashi, ba a baje tozo a kan tebur. Naɗe shi ake yi a tura ƙarƙashi, a jira mai shi. Mu mahauta ba mu iya daɗin baki ba, in muna girmama mutum tozo ne ke faɗa masa. Duk kasuwa ta san wa ke cin tozon wa. In kuwa ka saba ba mutum, rana ɗaya ka hana shi, to ka yi shela ke nan cewa ka yar da shi.

Nawa tozon na Malam Jibo ne. Malamin Islamiyya ne a Kademi, yana kuma noma, dogo siriri kamar tsinken tsire. Duk ranar kasuwa zai zo a kan kekensa, ya jingine shi a jikin rumfa, ya dubi rigata ya ce, "Sani, da wannan rigar ka yi Azahar? To sai ka rama." Ni kuma in ce, "Allah gafarta Malam, iska ba ta ɗauke ka a hanya ba?" Haka muke gaisawa.

Yadda aka yi ya gaji tozon, sai na koma da ku wata muguwar shekara, kafin a haifi yawancinku. Ruwa ya ɗauke gero na shirin fid da kai, ciyawa ta ƙone tun kaka ba ta yi ba. Makiyaya suka yi ta koro shanu kara, amma fata ce da ƙashi. Ka feɗe sa guda ba ka samu kitsen da zai maiƙe maka wuƙa ba, tozon ya kwanta gefe kamar jakar da aka zazzage. Masu saye suka koma wake da busasshen kifi. Abokan sana'ata da yawa suka rataye wuƙa suka tafi ci-rani. Ni na zauna ina korar ƙuda daga hantsi har la'asar, abin da ya kwana in shanya shi kilishi, kilishin ma ba mai tayawa.

Malam Jibo bai fasa zuwa ba ko sau ɗaya. Shi ma gonarsa ba ta ba shi komai ba, amma zai zo ya sayi ɗan abin da ya samu, ya zauna a kan turmin da nake sara, mu yi hira. Wata rana ya ce, "Naman da ka ba ni wancan satin, an ɗora shi tun hantsi har Magariba, ya ƙi tuba. Mun yi masa wa'azi, mun gaji, mun haɗiye shi haka." Na yi dariya har da hawaye, kuma rabona da dariya an kwana biyu. Da shanu suka murmure, san farko mai kyau da na yanka, na naɗe tozonsa na tura ƙarƙashin tebur. Shekara ashirin da biyar ban sauya ba. In da ɓargo in haɗa masa, in da kitsen ƙoda in ƙara. Shi kuma a gida a yi masa farfesu, a kwarara man shanu a tuwo. Ina kallonsa yana ɗaure ƙunshin a bayan keke, raina fes.

Rannan ya zo, ya cire hula, ya zaro wata takarda a ninke. 'Yarsa Rabi, wadda take aikin jinya a wani asibiti a Kano, ita ta matsa masa aka auna jininsa. Ya ce, "Sani, ka ji wani abin mamaki. Wai kitse ya yi min yawa a jini. Sun ba ni ƙwayoyi, sun ce in bar maiƙo."

Na fashe da dariya har maƙwabtan rumfa suka leƙo. Na goge hannu, na zagayo, na ce ya tsaya. Na dafa haƙarƙarinsa, na matsa kafaɗarsa, na lalubi bayansa, daidai yadda nake yi a kara. Na ce, "Malam, da kai sa ne, ko kyauta aka ba ni ba na so. Ina kitsen yake? Na'urarsu ce ta ruɗe, ko kuma jinin wani Alhajin suka haɗa maka da shi." Kowa ya yi dariya. Shi ma ya washe baki, don abin da yake so ya ji ke nan. Ya ce, "Ni ma na faɗa wa yarinyar nan. Wa ya fi ka sanin kitse a ƙasar Gaya?" Ranar har ƙari na yi masa. Daga baya na ji ko da ya koma gida, ƙwayoyin nan ya tura su saman kabad, bai sake waiwayarsu ba.

Da kaka, yana gona ana cirar gyaɗa, ya sunkuya zai ɗaga buhu, sai ya ji kamar an ɗora masa dutsen niƙa a ƙirji. Gumi ya karyo masa, hannun hagu ya yi nauyi, ya durƙushe. Allah ya sa akwai mutane a kusa, aka nemo mota aka yi Kano da shi.

Kwana uku da yin haka na shirya zuwa dubiya. To me mahauci zai riƙe wa majinyaci? Na sa aka yi min farfesun tozo, mai ya taso a kai ya yi ja, aka zuba a kula, na rungume ta har asibiti. A bakin ɗaki na ci karo da Rabi. Ta durƙusa ta gaishe ni kamar kullum, ta karɓi kular, ta buɗe, ta daɗe tana kallon abin da ke ciki. Sai ta rufe ta ce, "Baba Sani, zo mu zauna a can tukuna."

Muka zauna a kan benci. Ta ce, "Baba, kai ka ce masa na'ura ta ruɗe?"

Na ce, "Ni ne, 'yata. Ai na taɓa shi da hannuna."

Ta ce, "Wanda kake ji da hannu na ƙarƙashin fata ne. Wannan a cikin jini yake yawo, mu kolestarol muke ce masa. Hanta ma da kanta tana yin sa, kuma jiki yana buƙatarsa daidai gwargwado. Amma iri biyu ne. Wani yana bin hanyoyin jini yana liƙewa a jikinsu, wani kuma yana kwashe shi yana mayarwa hanta. Na Babana mai liƙewar ne ya yi yawa, kuma kitsen dabba da man shanu ƙara shi suke yi."

Na ce, "Mutum kamar sillen kara?"

Ta ce, "Ba ruwansa da ƙiba ko rama. Wani ma gado yake yi. Ba ya ciwo, ba ya ƙaiƙayi, a hankali yake taruwa shekara da shekaru, har hanyar da ke kai wa zuciya jini ta matse. Sai an auna ake sani. An auna kuma, an sani, an ba shi magani." Ta share ido da gefen mayafi. "Wannan karon Allah ya tsare. Likita ya ce in aka sake, ba lallai ya iso asibiti ba. Ni 'yarsa ce, in na yi magana sai ya ce shi ya haife ni. Taka yake ji, Baba. Ba nama aka hana shi ba. Tsoka kaɗan, kifi, wake, ganye, da maganinsa kullum. Ka taimake ni."

Na shiga na gaida Malam hannu rabbana, na fito. Kular nan a kan cinyata ta dawo Gaya. Kunya ta kama ni, da tsoro, irin wanda ban taɓa ji ba ko ranar da sa ya tsinke igiya ya yo kaina. Mutumin da na fi so a kasuwar nan, da hannuna na kusa kai shi.

Bayan wata biyu ya dawo kasuwa, wani ya goyo shi a babur. Aka yi ta barka da arziki. Ya zauna a kan turmi, ya dubi rigata ya yi tsokanarsa, na mayar masa. Sannan na jawo cinya, na yanki tsoka, na bi ta da wuƙa na ɗebe duk wani fari, na naɗe na miƙa masa. Ya jinjina ƙunshin a hannu.

Ya ce, "Ina kayana?"

Na ce, "Ga shi nan a hannunka."

"Ba ka yanka sa ba ne yau?"

"Na yanka."

"To san naka gundumi ne, ba shi da tozo?"

Na ce, "Yana da shi, Malam. Ba zan ba ka ba ne."

Mutanen rumfunan da ke kusa suka juyo suna kallo. Ya dube ni, ya dubi mutane, ya ce a hankali, "Sani, a bainar jama'a?" Na ce, "A bainar jama'a na ce maka na'ura ta ruɗe, a gabansu kuma nake janyewa. Ni ne na ruɗe. Hannun nan sa ya sani, bai san mutum ba." Ya ce, "Ajali ba ya jiran tozo." Na ce, "Kai kake karantar da mutane cewa jiki amana ne." Ya ajiye ƙunshin a kan tebur, ya miƙe, ya taka rumfa ta uku da tawa. Ina gani aka yanka masa tozo, ya tafi bai waiwayo ba.

Washegari da sassafe na tafi gidan Sarkin Pawa, na cire takalmi, na zayyana masa komai har da laifina. Ya tara mu a kwata ya ce daga yau Malam Jibo na Kademi tsoka ce rabonsa, duk wanda ya ba shi fari ya san da wa yake yi. Ku ba ku san pawa ba, mu gida ɗaya ne. Kafin sati ya zagayo magana ta kai wa masu cin kasuwar Ajingi, ta kai Toranke, ta kai Gafasa. Wani abokina ya ba ni labari, wai Malam ya sa an kai shi har Ajingi, ya tsaya a gabansa ya ce a ba shi tozo. Abokin nawa ya ce masa, "Ya ƙare, Allah gafarta Malam." Malam ya nuna da sanda ya ce, "Wancan da ke rataye kuma fa, kabewa ce?" Ya ce, "Wallahi Malam, kai dai a wajenka ya ƙare."

Saƙo ya iso min ta bakin wani maƙwabcinsa: a ce wa Sani an gode, ya mai da shi abin hira daga Gaya har Gafasa. Daga nan ya ɗauke ƙafa. Ranar kasuwa ta zo ta wuce, turmin nan ba kowa a kai. Rabi takan kira ni ta ce yana shan magani, yana cin wake da zogale yana harararsu, amma in an ambaci sunana sai ya tashi. Tozo kuwa, karo na farko tun ina yaro, na baje shi a kan tebur kowa ya saya. Abin ya yi min ciwo, ba zan ɓoye muku ba. Wata biyar muka yi a haka.

Sai ga Babbar Sallah. Duk shekara, in na gama da gidajen cikin gari, nakan wuce Kademi in feɗe masa ragon layya, ba a aiko min, ba na tambaya. Wannan shekarar na gama aikina rana ta take, na tsaya a bakin titi da wuƙaƙe a jaka ina shawara. In na je ya kore ni a gaban iyalinsa fa? Can dai na ce ai tsakanin harshe da haƙori ma ana saɓawa, na tare babur.

Na yi sallama a zaure. Duk gidajen layin an riga an rataye nama, hayaƙi na tashi. A tsakar gidan Malam kuwa rago na kwance a inuwa yadda ya yanka shi, ba wanda ya taɓa. Shi yana kan buzu da carbi. Bai amsa gaisuwata da kyau ba, ya ce, "Ka makara."

Na tuɓe babbar riga na kama aiki. Na feɗe, na rataye, na farke ciki, ya taso ya tsaya a kaina yana kallo. Da na ciro zuciya zan jefa a kwano, sai ya ce, "Tsaya. Kai da ka shekara arba'in kana tsaga wannan abu, nuna min inda suke cewa yana toshewa."

Na juya ta a hannu, na sake juyawa. Zuciyar da na tsaga ba ta ƙirguwa, amma ban taɓa neman wannan wuri ba. Na ce, "Malam, ban sani ba." Ya ɗaga murya ya kira Rabi, wadda ta zo Sallah gida. Ta fito tana goge hannu, ta tsugunna kusa da ni. Ta ce, "Baba Sani, ka ga wannan babban bututun na sama? Tsaga shi a tsaye, a hankali, har gindi." Na bi yatsanta da bakin wuƙa. A can gindin, ta nuna wasu 'yan ƙofofi guda biyu, kowacce da ƙyar ido ke ganinta. Ta karyo tsinken tsintsiya ta zura a ɗaya, ya shige da ƙyar, muka ga yana tafiya a ƙarƙashin kitsen da ke jikin zuciyar. Ta ce, "Ta nan ita kanta take samun nata jinin."

Malam ya karɓi zuciyar da tsinken a jiki, ya kai ta haske. Ya ce, "Ta mutum fa?"

Ta ce, "Ta ɗan fi wannan, Baba. Amma ba sosai ba."

Ya zare tsinken, ya duba kaurinsa, ya sake mayarwa. Sannan ya dube ni ya ce, "Shekara ashirin da biyar, Sani, kana turo min tozo, ga faɗin hanyar ke nan?"

Na ce, "Kai kuma kana buɗe baki."

Dariya ta ƙwace masa, ya dafa kafaɗata da hannun da ya ɓaci da jini, bai damu da wanda ya ɗiga wa farar rigarsa ta Sallah ba. Da ya tsagaita sai ya ce, "Ranar kasuwa ka yanka min cinya, ka ɗebe farin tas. Ke kuma Rabi, kafin ki koma bakin aiki, ki tafi da tsohon nan a zuƙi jininsa a auna. Shi ma ai ba ruwa yake sha ya kwanta ba."

Na ce, "Ni lafiyata ƙalau, Malam."

Ya ce, "Ni ma haka wani mahauci ya faɗa min. Za ka je, ko da ɗaure ka za a yi. Ba na son in riga ka, ba na kuma son ka riga ni."